Muhawara: Ta yaya jirgi mai mutum 239 zai ɓace a teku har yau ba a gan shi ba?

Ummi: Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin jirage a cikinmu. Jirgin Malesiya mai lamba MH370 ya tashi daga Kuala Lumpur zuwa Bejin ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239 a ciki, fasinja 227 da ma'aikata 12. Yau fiye da shekara goma ba a ga gangar jikinsa ba. Wayar hannu idan ta ɓace ana iya bin sawunta har a gano gidan da take. To yaya za a ce Boeing 777 sukutum ya ɓace? Ni abin ya ƙi shiga kaina.

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ɓacewa ya yi ba, ɓoye shi aka yi. Manyan ƙasashe sun san inda yake. Ki rubuta ki ajiye.

Injiniya Kabiru: Alhaji, a yi mana afuwa mu fara da tambayar Ummi tukun, sai mu dawo kan taka. Ummi, wayarki ana ganinta ne saboda duk inda kika shiga akwai turken sadarwa kusa da ke. A tsakiyar teku babu. Haka rada take: a kan tudu ake kafa ta, kuma nisan da take gani bai wuce kilomita 400 ko kusa da haka ba. Da jirgi ya wuce nan ya shiga teku, a tsarin da ake kai a 2014, sai dai shi ya riƙa faɗin inda yake.

Rada kuma iri biyu ce. Akwai wadda ke harba sigina ya bugi jikin jirgi ya dawo, ta ga ɗigo a allo amma ba ta san ko waye ba. Wannan sojoji suka fi dogara da ita. Akwai kuma wadda ke tambaya, wata na'ura a cikin jirgin da ake kira transfonda ta amsa da lambar jirgin da tsayin da yake. Da wannan ta biyun masu kula da zirga-zirgar jiragen fasinja suke aiki. A daren nan, ƙarfe 1:19 agogon Malesiya, masu kula na Kuala Lumpur suka ce wa jirgin ya koma hannun takwarorinsu na Ho Chi Minh a Biyetnam, aka amsa daga ɗakin matuƙa da sallamar sai da safe. Ƙarfe 1:21 transfonda ta yi shiru. Daidai kan iyakar sararin ƙasashen biyu: waɗannan sun sallame shi, waɗancan ba su karɓe shi ba.

Ummi: Tsaya Yaya Kabiru. Kana nufin ana iya kashe ta da hannu?

Injiniya Kabiru: Ƙwarai. Wani ɗan maɓalli ne da ake murɗawa, yana kan teburin da ke tsakanin kujerun matuƙa biyu, kusa da na rediyo. Murɗawa ɗaya ta wadatar.

Malam Bashir: To ai nan gizo ke saƙa. Wane irin tunani ne zai sa a ƙera jirgi na miliyoyin daloli, sannan a bar wa mutum ɗaya damar ɓoye shi da yatsa biyu? Ni a ganina wannan sakaci ne na masu ƙera jirage da masu kafa doka, ba wani abu ba.

Injiniya Kabiru: Malam Bashir, da dalili. Abin da matuƙi ya fi tsoro a sama shi ne wuta. Duk na'urar da ke cin lantarki tana iya yin zafi ko wayarta ta haɗu ta kama. Shi ya sa a saman kan matuƙa akwai jerin ƙananan makatsan wuta, kowace na'ura da nata, don in hayaƙi ya tashi a iya raba ta da lantarki nan take. Ka tuna Swissair 111, ranar 2 ga Satumba 1998. Wuta ta tashi daga wayoyin da ke saman ɗakin matuƙa, cikin kusan minti 20 jirgin ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 babu wanda ya fita. Wanda ya san wannan labarin ba zai yi saurin cewa a saka na'urar da ba ta kashuwa ba. Sannan transfonda takan rikice ta riƙa ba da tsayin ƙarya, masu kula da kansu su ce wa matuƙi ya kashe ya sake kunnawa.

Malam Bashir: Na ji, amma ban gamsu ba. A saka wata ƙarama mai batirinta daban mana, wadda ba ruwanta da lantarkin jirgi.

Injiniya Kabiru: Can aka nufa daga baya, zan zo kai.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya fi ci mini rai ba na'ura ba ne, mutane ne. Na bi labarin nan tun farko. Masu kula na Biyetnam sai da suka yi kusan minti 17 kafin su tambayi Kuala Lumpur ina jirgin. Ofishin kamfanin jirgin ya ce wa masu kula na Kuala Lumpur jirgin yana sararin Kambodiya, alhali abin da suke kallo a allonsu hasashen hanya ne, ba ainihin inda jirgin yake ba. Ba a ta da cibiyar ceto ba sai ƙarfe 5:30 na asuba, fiye da awa huɗu bayan ya yi shiru. Duk wannan yana cikin rahoton binciken da Malesiya ta fitar da kanta. Kuma a wannan lokacin radar sojin Malesiya tana ganin wani ɗigo ya juya baya, ya ratsa ƙasar, ya wuce ta kusa da tsibirin Penang, ya bi mashigin Malaka, har ƙarfe 2:22 da ya fita daga ganinta. Ba a tayar da jirgin yaƙi ko ɗaya ya je ya duba ba.

Alhaji Tanko: Yauwa Hajiya! Kin ga abin da nake faɗa. Soja ya ga jirgin da bai sani ba a sararin ƙasarsa ya yi shiru? Ruwa ba ya tsami banza.

Hajiya Rabi: Alhaji, ni ban ce makirci ba ne. Na ce sakaci ne, kuma daga baya aka ji kunyar faɗa. Kusan mako guda jirage da jiragen ruwa na ƙasashe suna ta lalube a tekun kudancin Sin, inda jirgin bai faɗa ba. Sai ranar 15 ga Maris Firaministan Malesiya na lokacin, Najib Razak, ya fito ya ce jirgin ya juya, kuma alamu sun nuna da gangan wani ya juya shi. Iyalan fasinjoji, waɗanda 153 daga cikinsu 'yan Sin ne, suna zaune a otal a Bejin ana ba su labari yau daban gobe daban. Wanda aka yi wa haka, in ya daina yarda da hukuma ba ka ga laifinsa ba.

Alhaji Tanko: To ni dai na ji an ce sansanin sojan Amurka na tsibirin Diego Garcia da ke Tekun Indiya aka kai shi.

Ɗanlami: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, in can aka kai shi aka ajiye, ɓaraguzan da teku ya yi ta tofarwa fa? Ranar 29 ga Yuli 2015 masu sharar bakin teku a tsibirin Reyuniyon, mallakin Faransa a Tekun Indiya, suka tsinci wani ɓangaren fiffike, duk ƙananan halittun ruwa masu ɓawo sun manne a jikinsa. Aka kai shi Faransa, aka duba lambobin da ke cikinsa, aka tabbatar na jirgin ne. Bayan nan an samu wasu a Mozambik, Afirka ta Kudu, Madagaska, Moris, da tsibirin Pemba na Tanzaniya. Guda uku aka tabbatar ɗari bisa ɗari, sauran da dama aka ce kusan tabbas nasa ne. Masana igiyar ruwa a Ostireliya suka bi lissafin yadda ruwa ke tafiya, ya nuna daga kudancin Tekun Indiya suka taso.

Alhaji Tanko: Wanda ya iya ɓoye jirgi ai ya iya zubar da ɓaraguzai.

Ɗanlami: Haka ne Baba, amma in muka bi wannan hanyar babu hujjar da za ta taɓa isa. Duk abin da aka kawo sai a ce shi ma shiri ne.

Ummi: Ni har yanzu akwai inda ban gane ba. In rada ta daina ganinsa ƙarfe 2:22, wa ya ce kudu ya nufa? Me ya sa ba arewa ba?

Injiniya Kabiru: Wannan shi ne wurin da ya fi burge ni a duk labarin. A jikin jirgin akwai na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam na kamfanin Inmarsat na Ingila. Ba don bin sawu aka yi ta ba, don waya da saƙonni ne. Ta ɗauke na wani lokaci, sai ƙarfe 2:25 ta dawo da kanta ta nemi shiga layi. Daga nan, in an yi kamar awa guda ba a ji ɗuriyarta ba, tashar ƙasa takan aika ɗan sigina ta ce kina nan? Ita kuma ta amsa. Babu bayanin wuri a cikin amsar ko kaɗan. Amma injiniyoyin kamfanin suna ajiye lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta je ta dawo. Daga wannan lokacin ana iya lissafa nisan jirgin daga tauraron, sai a zana da'ira a taswira a ce a wannan sa'ar yana wani wuri a kan layin nan. Gaisuwa bakwai, da'ira bakwai. Ta ƙarshe ƙarfe 8:19 na safe.

Da'irar ta ratsa arewa ta wajen tsakiyar Asiya, ta ratsa kudu cikin teku. Abin da ya raba gardama shi ne ɗan canjin da ake samu a sautin siginar idan mai aikawa da mai karɓa suna motsi. Tauraron nan ya tsufa, ba ya tsayawa cak, yana ɗan lilo arewa da kudu, kuma wannan lilon ne ya sa lissafin hanyar arewa ya bambanta da na kudu. Aka gwada da wasu jiragen 777 da aka san hanyarsu, na kudu ya dace. Ranar 24 ga Maris Najib ya sanar cewa tafiyar ta ƙare a kudancin Tekun Indiya. Gaisuwar ta bakwai kuma jirgin ne ya fara ta, irin yadda na'urar ke yi in wuta ta ɗauke ta dawo, shi ya sa ake ganin lokacin ne mai ya ƙare.

Ummi: Ikon Allah. Wato kusan awa bakwai yana tafiya bayan ya yi shiru.

Malam Bashir: To mu daina kewaye-kewaye. Wa zai kashe transfonda daidai kan iyaka, ya juya jirgi, ya bi ta gefen ƙasashe, in ba wanda ya san aikin ba? Babban matuƙin jirgin, Kyaftin Zaharie Ahmad Shah, yana da na'urar koyon tuƙi a gidansa, kuma an samu alamar wata hanya a cikinta da ta nufi kudancin Tekun Indiya. Mun kuma ga abin da ya faru da jirgin kamfanin Germanwings ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙi ya kulle ƙofa ya kai jirgi cikin duwatsun Faransa da mutum 150.

Hajiya Rabi: Malam Bashir, a yi hattara. Kyaftin Zaharie ya rasu, yana da iyali, ba ya nan balle ya kare kansa. A Germanwings an samu na'urar naɗar murya, an ji abin da ya faru, an ga bayanan likitocinsa. A nan me aka samu? Rahoton ƙarshe na Yuli 2018 ya ce da hannu aka juya jirgin, amma bai iya tantance wanda ya yi ko dalili ba, kuma bai kore hannun wani na uku ba. An bincika lafiyar Kyaftin ɗin da kuɗinsa da halinsa, ba a samu abin kamawa ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Malam Bashir: Hajiya, ban yanke masa hukunci ba. Amma in an hana mu faɗin abin da ya fi kama da gaskiya, me ya rage a tattauna?

Hajiya Rabi: Ka faɗa a matsayin zato, kada ka faɗa kamar ka gani da idonka. Iyakar roƙona ke nan.

Ɗanlami: Akwai kuma masu cewa iska ce ta zube. A tsayin ƙafa 35,000, in matsin iskar cikin jirgi ya tafi, mutum bai fi minti ɗaya yana cikin hayyacinsa ba in bai saka abin shaƙa ba. Ya taɓa faruwa: jirgin Helios ranar 14 ga Agusta 2005, ya tashi daga Saifurus, matuƙa suka suma, jirgin ya yi ta tafiya da kansa har mai ya ƙare ya faɗi kusa da Atina, mutum 121. Masu binciken Ostireliya ma sun ɗauka cewa a sa'o'in ƙarshe babu mai riƙe da MH370. Ɓangaren fiffiken da aka samu a Pemba ya nuna ba a buɗe shi yadda ake yi in za a sauka ba.

Injiniya Kabiru: Wannan zai iya bayyana ƙarshen tafiyar, amma ba farkonta ba. Sumamme ba ya juya jirgi ya bi ta Penang ya sake karkata. Haka maganar batiran lithiyam kilo 221 da ke cikin kaya: wutar da ta isa ta kashe na'urorin sadarwa ba za ta bar jirgi ya yi awa bakwai a sama ba. Su kuma Iraniyawa biyu da suka shiga jirgin da fasfon sata, 'yan sandan duniya sun bincika sun ce ba su da alaƙa da ta'addanci, Turai suke son shiga. Kowane zato ka ɗauka, sai ka tarar da wani gefe da bai rufe ba.

Alhaji Tanko: To tunda sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙan musulmin cikinsu, a bar maganar mana. An kashe kusan dalar Ostireliya miliyan 200 ana laluben murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan teku, aka tsaya a Janairu 2017 hannu rabbana. Kamfanin Ocean Infinity ya zo a 2018 ya ƙara fiye da 112,000, shi ma haka. Abin da suka gano sai tsofaffin jiragen ruwa da suka nutse, biyu daga cikinsu tun ƙarni na 19. Wannan kuɗin da asibitoci aka gina da shi.

Injiniya Kabiru: Amin Alhaji. Amma a nan kam ban bi ka ba. Duk amincin da jirgin sama yake da shi yau, daga tarkacen waɗanda suka faɗi aka samo shi. Ɗauki Air France 447, Airbus A330 daga Riyo zuwa Faris, 1 ga Yuni 2009, mutum 228. Kafin ya faɗa Tekun Atlantika ya aika saƙonni na kansa da suka nuna bututun auna gudu sun toshe da ƙanƙara. Kowa ya ce shi ke nan, laifin bututu ne, aka canza su. Sai a Afrilu 2011 aka gano tarkacen a zurfin kusan mita 3,900, aka ciro na'urorin naɗar bayanai a watan Mayu. Me aka gani? Bututun sun dawo aiki cikin kusan minti ɗaya. Jirgin lafiyarsa ƙalau. Matuƙin da ke riƙe da shi ne ya yi ta ɗaga hancinsa sama har fukafukai suka daina ɗaukarsa, ƙararrawa tana ta kuka, su uku ba su gane abin da ke faruwa ba har suka bugi ruwa. Saboda wannan aka sake fasalin horon matuƙa a duniya, aka dawo da koyar da tuƙi da hannu a can sama da yadda ake farfaɗo da jirgin da ya rasa ɗauka. Da an ce a bar shi a ƙasan teku, da har yau bututu muke zargi.

Kuma ka lura, wancan an same shi bai fi kilomita 12 daga wurin da ya ba da rahoto na ƙarshe ba, amma sai da aka yi kusan shekara biyu. Balle MH370 da layin nemansa ya kai dubban kilomita, a wurin da zurfi ke kai mita 6,000, ga duwatsu da kwazazzabai a ƙasa, ga tafiyar kwanaki daga gaɓar Ostireliya. Akwai 777 da yawa a sama a wannan minti da muke magana. In aibi ne a jirgin, ya kamata a sani. In mutum ne, shi ma ya kamata a sani.

Malam Bashir: Ka yi alkawarin dawowa kan maganata, Injiniya. Me aka gyara?

Injiniya Kabiru: Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kafa ƙa'ida daga Nuwamba 2018 cewa kamfani ya san inda jirginsa yake a kan teku aƙalla duk minti 15. Sababbin manyan jirage kuma dole su ɗauki na'urar da in jirgi ya shiga hali, za ta riƙa aika wurinsa duk minti ɗaya da kanta, ba tare da jiran matuƙi ba. Ga abin da kake nema nan. Bambancin ba kaɗan ba ne: jirgi yana cin kusan kilomita 225 a minti 15, amma 15 kacal a minti ɗaya. Tun 2019 kuma taurarin Iridium suna karɓar siginar wurin jirage daga sama, har tsakiyar teku. Ɗan bututun da ke manne a jikin baƙin akwati (wato akwatin naɗar bayanai ko na murya), wanda ke fara ƙara duk daƙiƙa da zarar ya taɓa ruwa, da batirinsa kwana 30 yake yi, yanzu 90. A MH370 ma rahoton 2015 ya nuna a takarda wa'adin batirin ɗaya daga cikinsu ya ƙare tun Disamba 2012.

Malam Bashir: Sababbin jirage ka ce. Tsofaffin fa, da za su yi shekara 20 nan gaba suna tashi? Kuma siginar da taurarin ke karɓa ba daga transfondar nan take fitowa ba?

Injiniya Kabiru: Daga ita take fitowa. Ka kama ni a nan, ramin bai rufe duka ba. An ma ɗage wa'adin dokar minti ɗayan fiye da sau ɗaya kafin ta fara aiki.

Ummi: Kun sa na fara tsoron hawa jirgi wallahi.

Ɗanlami: Haba Ummi. A 2023 an yi tashi kusan miliyan 37 a duniya, kuma ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA ba ta ƙirga haɗarin mutuwa ko ɗaya a jiragen fasinja masu injin jet ba. A kan titi kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara. Motar da za ta kai ki filin jirgi ta fi cancantar addu'arki.

Hajiya Rabi: A Maris 2025 gwamnatin Malesiya ta amince Ocean Infinity ya sake nema a wani sabon yanki mai murabba'in kilomita 15,000, a biya shi dala miliyan 70 in ya gano, in bai gano ba ko sisi. Alhaji, ka ga wannan karon ba za ka ce an yi asarar kuɗin asibiti ba. Tambayata ga Injiniya: in an same shi yanzu, akwatunan za su karantu bayan wannan shekaru a ruwan gishiri?

Injiniya Kabiru: Na Air France sun karantu tsaf bayan shekara biyu, Hajiya, kuma sanyi da rashin iska a can ƙasa suna rage lalacewa. Na bayanan tafiya yana riƙe awa 25, don haka juyawar tana ciki, da wace na'ura aka kashe da lokacin da aka kashe ta. Na murya ne matsala. Awa biyu na ƙarshe kawai yake ajiyewa, sabo yana goge tsoho, ita kuma juyawar ta faru kusan awa bakwai kafin ƙarshe. Shi ya sa yanzu Turai da Amurka suka wajabta mai awa 25 a sababbin jirage. Amma tarkacen ma shaida ne: yadda ya watse, ko ƙofar ɗakin matuƙa a kulle take, ko abubuwan shaƙar iska sun sauko.

Alhaji Tanko: To Allah ya sa a gano. Amma ni har yanzu ina nan kan bakana game da sojojin nan. Ƙasashe nawa ne a yankin masu rada, kowa ya ce bai ga komai ba?

Hajiya Rabi: Tailan ta ce ta gani, Alhaji, amma sai bayan kwana goma ta faɗa. Da aka tambaye su dalili, cewa suka yi ba a tambaye su takamaimai ba.